Fitilu Arba'in da Biyu

Ladanin Mokoyo shi ne agogona,
ko da yake ba ni yake kira ba.
Yana ɗaga murya Mama ta miƙe,
ta kunna turaren tsinke a lungun addu'arta,
ni kuwa in ja bokiti zuwa famfo.

Sunana Niyati. Ƴan unguwa sun gutsure shi,
Niyya suke ce mini, ina kuwa amsawa.
A garin nan aka yanke cibiyata.
Indiya murya ce cikin waya,
muryar kakata, mai tari.

Yau Diwali, amma lakwal ba ta san da zancen ba.
Na sa rigar kullum, na hau kabu-kabu,
muka kutsa tsakanin amalanken rake da jakunan itace.
Mushe ya ba mu lissafi,
na ci tara cikin ashirin.
Hankalina yana can wajen fitilu.

Da azahar Baba ya bar ma'aunin riɗi,
ya rufe tsohon littafin ciniki, ya buɗe sabo.
Ni da Sahura muka gangara wajen Gulbi,
gidan Inna Tabawa mai ginin tukwane.
Kasake arba'in, kowanne kamar tafin jinjiri.
Ta jujjuya ɗaya, ta tuntsire da dariya:
"Ai aci-balbal ce wannan, ƴar nan!
Da haskenta na yi kaɗi tun uwarki ba ta zo duniya ba.
Mun yar, ku kun tsinta?"
Ta ƙara mana biyu, gyara.

Lagwani na auduga, mai na gyaɗa.
Na durƙusa a ƙofar gida da garin shinkafa,
da kurkum, da lalle, da dakakken zoɓo,
na zana fure mai kunne takwas.
Kafin in wanke hannu
akuyar maƙwabta ta lashe uku.
Hawaye ya kawo mini.
Mama ta ce, "Baƙuwar fari ke nan.
Ta ci, ta tafi. Me kike so kuma?"

Magariba ta yi.
Malam Nomau mai gadi ya shimfiɗa buzunsa a waje,
mu muna ciki, ƙararrawa ƴar ƙarama a hannun Mama,
Baba na jan baitin da rabinsa kawai na iya.
Bango ɗaya ne tsakani.
Ina jin aminsa, yana jin tamu.

Sai kuran ya ɗauke.
Layi duka ya yi ɗif, har rediyon mai shayi.
Muka jera su a kan katanga, bakin taga, gefen randa,
kowace da harshenta, tana rawar sanyi.
Yara suka taru kamar an buga musu ganga.
Mai shayi ya zo aron ɗaya,
wai ba ya ganin canji.

Na kai kwanon alawar madara gidan su Sahura.
Kwano ba ya dawowa wofi a layinmu:
ya dawo da ƙuli-ƙuli mai ɗumi.

Kakata ta kira. "Nuna mini," ta ce.
Na ɗaga wayar sama, hoton na yankewa,
ɗigo-ɗigon haske kawai ta gani.
Ta tambaye ni ko na ji daɗi.
Na fara amsawa da harshenta,
a tsakiyar hanya Hausa ta ƙwace.

Asuba. Ladan. Bokiti.
Baƙin hayaƙi a katanga, tururuwa a kan furen.
Na share, na tara kasake, na ƙirga:
arba'in da ɗaya.
Ɗayar tana teburin mai shayi, kusa da gwangwanin sukari.
Na bar masa.
A jakata akwai takarda mai tara cikin ashirin
tana jiran sa hannun Baba.